Gemun Na Taga

Zuwa ga Uwargida, kakar 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai tashi in an yi sanyi. Yaya Auta da ƙarfin jiki? Yaya mijinta da aiki? Ki shafa mini kan amaryata, ki ce mata angonta na nan yana gyara gemu. Shi kuwa namijin, ki gaya masa labari ya iso mini cewa ya ƙwace mini mata, kullum yana goye a bayanki. Ya ci gaba, za mu haɗu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Waya ce ta ishe ni. In na kira, ke kina "kana ji na?", ni ina "kina ji na?", jarirai na tsala ihu a kunnenki, kafin in kai ga abin da ya sa na kira sai ki ce tukunya na ƙonewa. Tun muna da ƙuruciya kike ce mini Rediyo. To ga Rediyonki nan shi kaɗai a gida, yana ta bayani ba mai sauraro. Gara in zuba a takarda, in kin samu kanki ki karanta.

Gida lafiya lau, sai dai ya yi mini girma. Har yanzu da safe kofi biyu nake saukewa, sai na zuba ruwan zafi nake tunawa. Shinkafa kuwa na gano ba ta da amana: in na tsaya a kanta ta ƙi dahuwa, in na juya baya ta kama. Kujerarki ta bakin ƙofa tana inda kika bar ta. Maƙwabciya ta zo aro, na ce mata ƙafarta ɗaya ta karye, Allah ya gafarta mini.

Shago kin san yadda yake. Samari duk sun koma sabon shagon tsallaken titi mai talabijin da kiɗa. Tsofaffina ne suka rage mini, su ma kullum raguwa suke yi. Wata rana in buɗe, in share, in goge madubi, in zauna ni da fanka har rana ta yi sanyi.

Ga labarin da nake son ba ki. Bayan tafiyarki Fasto ya yi shela ana neman masu zuwa asibiti duba marasa lafiyar da ba su da kowa. Na ɗaga hannu, ba don tsarkina ba, don dai yammacin Lahadi ya fi kowane lokaci yi mini tsawo. Muka je ɗakin maza, inda ake ajiye waɗanda jinyarsu ta daɗe. Masu wa'azi suka yi wa'azi, masu waƙa suka yi waƙa. Ni kin san muryata, don haka na tsaya a baya ina kallo. Uwargida, idon mai aski gare ni, ba abin da na gani sai kawuna da gemuna. Magidanta ne, waɗanda da suna kan ƙafarsu ko ƙofar gida ba za su leƙa a haka ba, ga su kwance gashi ya cukurkuɗe, abinci ya bushe musu a gashin baki. Washegari Litinin, ranar da ba kowa a shago, na rataya jakata na koma.

Mai riƙe da ɗakin wata doguwar mata ce da tabarau a karan hanci, Babbar Sista suke ce mata. Ta zazzage jakata, ta duba aska, ta duba almakashi, ta shinshina kwalbar maganin da nake goge su da shi. Sannan ta ce, "Baba, ran da ka yanka mini mutum ɗaya, ran nan aska ta bar ɗakin nan. Wasu jininsu ba ya tsayawa, wasu ciwonsu ba ya warkewa." Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake riƙe da aska." Ko murmushi ba ta yi ba.

Wanda ya fara miƙo kai wani tsohon direba ne da ƙugunsa ya karye, bakinsa ya fi nawa. Da na nuna masa madubi ya ce a kira masa ƙaramar nas, yanzu ya isa neman aure. Ɗakin ya kwashe da dariya, sauran suka shiga layi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ni. Gadonsa na can ƙarshe a jikin taga. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. A tasha aka tsince shi, har yau ba wanda ya zo nemansa, ba wanda ya san sunansa, Na Taga kawai ake ce masa. Ƙato ne ko a kwance. Gemunsa ya sauko ƙirji, yawu na zuba a ciki. Ina kunna kilifa, injin askin nan, ya kai mata duka da hannun hagu, sai ƙarƙashin gado na tsinto ta. Sista ta ce ƙarar ce ke shiga masa kai. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ni ma taurin kai gare ni, ka tambayi matata." Ya juya fuska bango.

Ki yi haƙuri da rubutun, biron ne ba shi da kyau. Ki gai da kowa da kowa. Ubangiji ya tsare mini ku.

Naki har kullum,
Rediyo

*

Uwargida,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da ke. Saƙonki ya iso, na gode. Na ji daɗi da Auta ta fara fita tsakar gida, na kuma ji an ce amaryata ta fara dariya. Ai dole, ta ji labarin angonta. Yaya gajiyar raino? Kina samun barci kuwa, ko kin mayar da kanki ƙarfe kamar yadda kika saba?

Bari in fara da mai daɗi kafin in zo ga tambayarki. Na Taga ya ba ni gemunsa.

Ba da wuri ba. Litinin bayan Litinin, in na gama da kowa sai in ja kujera in zauna kusa da shi in buɗe masa tashar Rediyonki. Na ba shi labarinki, da na shinkafa, da na yadda mahaifinki ya kore ni sau biyu. Yana kallon bango, amma na lura kunnensa na wajena. Ran nan sai na zaro aska, na kaɗa kumfa a gabansa, na shafa a fuskata na yi wa kaina gyaran fuska yana kallo, don ya ga ba ta da ƙara. Da na gama na goge ta, na tsaya. Ya daɗe yana dubana. Can sai ya rufe ido ya ɗaga haɓa.

Wayyo Uwargida, abin da na tarar a ƙarƙashin gashin nan. Duk inda yawu ke bi fata ta saɓule, ta yi ja, wani wurin har ruwa. Shi ya sa yake faɗa da kowa, ciwo ne ke cinsa ba bakin faɗa. Rezar roba ba ta aiki a irin wannan wuri, kan ciwon take hawa ta kwashe. Sai aska, da bakinta kake zagaye kowane gyambo, gashi ɗaya bayan ɗaya, kana jan fatar da babban yatsa. Na daɗe a kansa har bayana ya ƙage. Da na gama Sista ta zo ta shafa magani, karon farko da magani ya taɓa fatar ba gashi ba. Na riƙe masa madubi. Ashe kyakkyawan mutum ne, mai faɗin haɓa. Ya kalli kansa, hawaye ya zubo ta ido ɗaya.

Tun daga nan nas-nas suka ce ran Litinin tun safe idonsa na bakin ƙofa, ran nan ne kuma yake cin abinci ba daru. Ciwon ya fara bushewa. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, tun daren Lahadi nake wasa aska. Akwai daɗi a san wani yana jiran shigowarka.

To, yanzu maganarki. Matar Fasto, Allah ya ƙara mata lafiya, ba a yin abu a gabanta ya kwana. Gaskiya ta gaya miki. Ranar jibin Ubangiji a coci ni na ɗauki farantin rabawa, 'yan kofunan suka yi ta kaɗa juna a hannuna har wasu suka zube a rigar wani bawan Allah. Kuma ba biro ba ne. Hannuna na dama ne yake rawa. In yana zaune a cinya lafiya lau, da na ɗauki abu sai ya fara. Ban gaya miki ba ne don abin da ke kanki ya ishe ki.

Na je wajen likita, kada ki ce ban je ba. Yaro ne mai ladabi. Ya sa na taɓa hancina, ya sa na zana da'ira, ya ce ba ciwon da ke kisa ba ne, amma ba ya warkewa, sai lallaɓawa, kuma sannu a hankali ƙaruwa yake yi. Ya ba ni ƙwayoyi. Da ya tambayi sana'ata na gaya masa, sai ya shiga gyara takardun gabansa.

Kada ki tayar da hankalinki. In na dafa ɗan yatsana a kuncin mutum, hannun yana jin magana. Ina kuma addu'a. Abu ɗaya nake roƙo, ban haɗa shi da komai ba: Ubangiji, ka tsayar mini da hannun nan. Ki taya ni.

Kada ki gaya wa Auta tukuna. Ina gaishe ku duka.

Mijinki,
Rediyo

*

Uwargida,

Ina gaishe ki cikin sunan Mai Ceto. Ina fata kowa lafiya, manya da yara. Na ce kada ki gaya wa Auta, ga shi ta kira ni tana kuka, mijinta kuma ya karɓi wayar yana cewa sun gyara mini ɗakin baya, in rufe shago in taho. Na gode musu. Yaron kirki ne. Amma haba, Uwargida.

Abin da nake tsoro ya faru. Na yanki Direba.

Ina gyara masa saje ne, yana ba ni labarin yadda ya taɓa tsallake gada da babbar mota ba birki. Hannun ya fizga kawai. Bakin askar ya shiga gefen kunnensa. Ba wani babban yanka ba ne, a shago da sai in danna auduga a ci gaba da hira. Amma shi yana shan maganin da ke tsinka jini. Jini ya yi ta zuwa, ya jiƙa tawul, ya sauka a matashi. Direba yana ta cewa, "Ba komai, Maigida, ni na motsa, ni na motsa." Ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri, ko gezau bai yi ba.

Sista ta zo ta tsayar da jinin da kanta. Da ta gama ta ce in biyo ta ofis. Na zaci faɗa za ta yi, da ma ta yi ɗin. Sai ta zuba ruwa a kofi ta ce, "Baba, karɓi." Na karɓa. Kafin ya kai bakina rabi ya zube a wandona. Ta cire tabarau ta ce, "Kilifa da almakashi, bismilla, ko yaushe. Aska kuwa ta gama aiki a ɗakin nan." Na ajiye kofin. Gaskiyarta ce, shi ya fi ciwo.

Na Taga bai ga abin da ya faru ba, an ja labule. Da na iso gadonsa ya riga ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Uwargida, na kasa gaya masa. Girman kai ne ko kunya, oho. Sai na zaro almakashi na ce yau sauri nake yi, zan ɗan rage masa kawai. Ya buɗe ido ya kalli almakashin, ya kalle ni. Litinin ta gaba na sake kawo wani dalilin. Ta bayanta ko juyowa bai yi ba. Gashin ya fara tsirowa a kan ciwon, yawu ya samu wurin zama. Nas ta gwada masa rezar roba, ya ture ta har kwanon ruwa ya kife.

Na san abin da yake tunani. Yana ganin na gaji da shi ne, ƙyama ta kama ni kamar yadda ta kama sauran.

Dattawan ikilisiya sun zo gida sun ɗora mini hannu sun yi addu'a. Na yi azumi. Da asuba ina durƙusawa a gefen gadonmu, wajen da kike durƙusawa, in ɗora hannun a kan katifa in nuna wa Ubangiji shi. Ina ce masa, Ubangiji, ba don shago ba, shago ya riga ya mutu. Ba don sunana ba. Mutumin nan ba shi da kowa, fuskarsa na ruɓewa, ni kaɗai ya yarda da ni. Rana ɗaya a mako nake roƙo, sauran kwanakin ya yi ta rawarsa. Sai in tashi in ɗauki cokali in gwada. Shayi ya sha tebur.

Ki ce wa Auta ta ba ni lokaci in yi tunani. Ki ci gaba da yi mini addu'a, taki ta fi tawa saurin isa.

Naki,
Rediyo

*

Uwargida,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, rubutun yana ba ni wuya.

Ban je asibiti ba makonni biyun nan. Na shirya, na rataya jaka, na kai bakin titi, motar ta zo ta tsaya, na ce wa yaron motar su tafi. Me zan je in yi? In tsaya a kansa da almakashi kamar mai yi masa ba'a?

Tsofaffina na shago ma sun gane. Ɗaya ya ce mini yanzu gemu yake so ya tara. Shekaranjiya na hango shi yana fitowa daga shagon tsallake fuska fes, ya sunkuyar da kai ya bi ta bayan kanti. Ban ji haushinsa ba, wuyansa ne.

Na daina roƙon. Ba wai na daina ba da gaskiya ba, kada ki firgita. Ina durƙusawa, sai dai ba na cewa komai. Na faɗa, Ubangiji ya ji, bai ga dama ba. Ni da shi muna zaune shiru kamar ma'auratan da suka yi faɗa. Ke kin san ban iya shiru ba, ki auna yadda gidan yake.

Kewarki ta dame ni. Na faɗa, ki ajiye takardar ki riƙa yi mini gori da ita.

Na gaya wa mai shago zan ba shi makullinsa ƙarshen wata. Ki ce wa mijin Auta na karɓi ɗakin bayan, Allah ya saka masa. Litinin mai zuwa zan je asibiti in bar musu kilifa da almakashi, ko wani ya yi amfani da su, in yi sallama da mutanena. Daga nan sai ku gan ni.

Mijinki,
Rediyo

*

Uwargidata,

Alheri da salama daga wurin Allah Ubanmu. Yaya ku, yaya yara, yaya gwiwa? Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. Ki ba Auta jariran.

Na je sallamar. Na fara da Direba, kunnensa ya warke sarai, yana ta nuna wa mutane tabon wai a yaƙi ya same shi. Da na ce tafiya zan yi ya ɓata rai ya ce, "To wa zai riƙa sauraron ƙaryata?" Na bi gado gado. Na bar Na Taga a ƙarshe.

Ya rame, Uwargida. Sista ta ce abinci sai an yi da gaske. Gemun ya dawo, ya manne da ciwon, tun daga nesa ana jin wari. Fuskarsa na bango. Na ja kujerata na zauna, na gaishe shi, bai motsa ba. Na ce a raina, tun da tafiya zan yi, gara in bar shi da gaskiya.

Na ce, "Ɗan'uwa, juyo ka ga wani abu, daga nan ba zan ƙara damunka ba." Bai juyo ba. Na zaro askar daga aljihu, a naɗe take, don ban yi niyyar barin ta a asibiti ba. Na zagaya ta gefen bangon na miƙa hannuna a gaban idonsa da askar a ciki. Hannun kuwa kamar ya san ana kallonsa, ya kama rawa har ƙotar na ƙwanƙwasa zobena. Na ce, "Ka gani? Wannan ne. Ba ƙyamarka nake yi ba, ban gaji da kai ba. Na yanki Direba, aka hana ni. Kunya ce ta hana ni gaya maka. Na roƙi Allah ya tsayar da shi, bai tsayar ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon hannun. Ni kuma na kasa janyewa.

Sai na ga hannunsa na hagu ya fito daga cikin bargo. Na zaci ture ni zai yi. Sai ya kama ni a wuyan hannu. Tafinsa faffaɗa ne, mai kaushi, ban san aikin da ya yi a duniya ba amma ba na zaune ba ne. Ya riƙe, ba matsewa ba, riƙo dai na wanda ya saba riƙe abu mai nauyi. Ya kafa gwiwar hannunsa a ƙarfen gado. Uwargida, na dubi askar. Ta tsaya cak.

Na zaci idona ne. Na motsa yatsuna, suna motsi yadda nake so. Rawar tana nan, ina jin ta a damtse tana neman hanya, amma daga inda ya riƙe zuwa bakin aska shiru. Sai ya jawo hannun nawa a hankali ya kai shi gemunsa, ya ɗaga haɓa. Wannan karon bai rufe ido ba.

Na ce, "An hana ni." Ina juyowa sai ga Sista a tsaye a ƙarshen gadon, ban san tun yaushe take wurin ba. Ta zo ta sunkuya ta dubi hannuwan nan biyu ta saman tabarau. Ta ce in buɗe askar. Na buɗe. Ta ce in ɗaga, in sauke, in kai gefe. Duk inda na nufa hannunsa na biye da ni, bai ja ba, bai saki ba. Ta dubi ciwon fuskarsa, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce wa ƙaramar nas, "Kawo ruwan ɗumi da tawul." Ni kuma ta ce mini, "In ya saki, ka ajiye. Ko a tsakiya ne."

Ita ta riƙe kwanon. Na jiƙa gashin sosai har ya saki ciwon, na rage tsawon da almakashi, na kaɗa kumfa da hagu. Sannan muka fara. Kuncin hagu ya zo da sauƙi. Na dama, wajen da bakin ya karkace, nan ne aikin, sai da na hau gefen gadon na durƙusa don hannunsa ya kai. Gumi ya karyo masa, damtsensa ya fara gajiya, na ce mu huta, ya yi wani gurnani ya ƙara riƙewa. Muka zagaye gyambunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon jini babu. Da na share kumfar ƙarshe Direba ya fara tafi daga gadonsa, Sista ta daka masa tsawa, amma na ga ta juya baya tana goge tabarau.

Na naɗe askar na ce, "Mun gama, ɗan'uwa, sannu da aiki." Bai sake ni ba. Na ajiye askar a kan bargo, na koma kujera, hannuna na cikin nasa. Sai a lokacin na tuna, tun ran da na raka ki tasha kika riƙe ni kina hawa mota, ba wanda ya ƙara riƙe mini hannu don ya riƙe. Na kifa kaina a gefen katifarsa na yi kuka, tsofai-tsofai da ni, a gaban yaran mutane. Haka muka zauna har aka kawo abinci. Da hagu na ba shi, ya cinye tas.

Hannun bai warke ba, kada ki sa rai. Da yamma na zubar da shayi kamar kullum, kin kuma ga rubutun. Amma na durƙusa na yi magana, ni da Ubangiji mun shirya. Na ce ya tsayar mini da hannu rana ɗaya a mako, ya tsayar. Ni ne dai na zaci daga cikin jikina abin zai fito. Mutumin da na ɗauka ni nake taimakonsa, ashe shi aka ajiye mini a bakin taga duk watannin nan.

Makullin shago zan mayar, wannan ya wuce. Amma ɗakin baya, ki ba mijin Auta haƙuri, ya sa kayansa a ciki. Zan zo in ga amaryata da ɓarawon matata, in kwana uku ko huɗu, in juyo. Na san za ki yi faɗa, na san Auta za ta yi kuka. Ki fahimtar da ita. Gemu ba ya jira, kuma Na Taga ba zai iya shi kaɗai ba, ni ma haka.

In Auta ta yi ƙarfi, ki dawo gida, Uwargida. Ba na gaggauta ki. Ina dai so ki zo ki gaishe shi, ya sha labarinki har ya gaji.

Ki tare ni a tasha ran Laraba. Lahadi da yamma dole in kamo hanya, Litinin da safe yana jirana.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai ƙaunarki,
Rediyo